Mudun Auna Tsoro

Laraba ce a Salford, ana yayyafin garin nan
wanda ba ka sanin ya jiƙa ka sai ka isa inda za ka.
A bangon ɗakin asibitin an zana kifaye,
an ajiye tishu daidai inda hannu zai kai.
Likita ta miƙo takarda biyu,
ɗaya tawa, ɗaya ta Mudassir.

Cikin makonni biyun da suka shige,
sau nawa abin ya hana shi barci?
Sifili, ko sau ɗaya. Uku, kusan kullum.

Biro ya yi mini nauyi.
Shekara talatin uwata tana awon hatsi a Gusau,
ta san mudun da aka bubbuge wa gindi,
ta san tiyar da ke cin amanar mai saye.
Da tana raye da na tambaye ta:
Inna, da wane mudu ake auna tsoron yaro?
A shafe bakinsa, ko a bari ya yi tozo?
Ana ba da gyara?

Takarda ta ce: makaranta.
Yana zuwa, ban da ranar da burodi ya ƙone a kicin,
ƙararrawa ta tsala ihu,
malama ta tsince shi ƙarƙashin tebur yana ƙirge,
tara, takwas, bakwai,
hawan benen da muka sauko daren gobara
hannuna a wuyan rigarsa, hayaƙi ya cinye fitilu.
Na zagaye biyu. Na soke. Na zagaye uku.

Takarda ta ce: abokai.
Callum ya yi ta ƙwanƙwasa ƙofa da ƙwallo a hammata
har ya gaji ya daina.

Takarda ta ce: aikin gida, cin abinci, nishaɗi.
Ba ta ce takalmi ba.
Babu gurbin da zan rubuta
cewa tun Nuwamba da takalmi yake kwana,
igiya a ɗaure tamau,
ƙafa na leƙowa daga bargo kamar matafiyi a tasha.

Na saci kallon tasa takardar.
Inda na sa uku, ya sa ɗaya.
Inda na sa sifili, wajen jin cewa laifinsa ne,
ya danna uku har biro ya huda takarda.
Ashe wata huɗu muna cin tuwo a kwano ɗaya
ban san da wannan ƙaya a maƙogwaronsa ba.

Likita ta tara lissafi: talatin da huɗu.
Ta ce, lambar nan ba ita ce yaron ba,
kara ce da ake kafawa a bakin gulbi
a ga ko ruwa na hawa ko yana janyewa.
Na ce to. Abin da baki ya kasa ɗauka,
bari alƙalami ya taya shi.

Laraba ta bi Laraba.
Ashirin da bakwai. Talatin, makon wasan wuta.
Sha tara, da rana ta fara daɗewa a sama.

Ni kuwa nawa awon daban.
Wata asuba na fito alwala
na yi tuntuɓe a bakin ƙofar ɗakinsa:
takalmi, ƙafa ɗaya a kife, ɗaya can gefe,
yadda yara ke yar da abin da ba su damu da shi ba.
Na tsaya a kansu har ruwan buta ya huce.

A bas, muna dawowa, ya jingina da kafaɗata.
Ya ce, Umma, ke nawa kika ci?
Na ce, ai ni ba a ba ni tawa ba.
Ya ce, jiya sau biyar kika tashi duba murhu.
Na ƙirga.